Injin da Hamidu Ya Zaɓa a Kasuwar Batsari

Hamidu shi ne na huɗu a ɗakin Innarmu, kuma shi kaɗai ne a gidanmu na Tsaskiya ya zo duniya da hannun taɓe-taɓe. Mu gidan shanu ne da gona. Baffa na da garke, yana kuma noma gero da dawa da ɗan rogo a bayan gida, yadda ya tarar ubanshi na yi. Duk yaron da ya tasa a gidan, sanda ake miƙa mashi ya bi shanu cikin dajin Rugu. Hamidu ma an miƙa mashi, ya kuma bi, amma ba ka taɓa sanin abin da zai dawo da shi cikin aljihu ba. Yau guntun waya, gobe ƙusa, jibi murfin gwangwani. Shekarar da aka samu mulkin kai yana ɗan shekara takwas. Wani malamin makaranta ya zo da keke daga Safana yana raba ma yara 'yan tutoci, kowa ya rufe malam, shi kuwa Hamidu yana durƙushe bayan keken yana kallon yadda sarƙa ke hawa haƙoranta. Kafin malam ya gama rabo ya cire ta. Da ya ga hankalin mutumin ya tashi, sai ya maida ta yadda take, ko minti biyu bai yi ba.

Yana da shekara sha bakwai wata babbar mota da ta zo ɗaukar gyaɗa ta karye a hanyar Safana. Aka ɗauko mai walda tun daga Funtuwa. Hamidu na kiwo kusa da wurin, ya hango wuta na fita daga bakin wani ɗan bututu tana haɗa ƙarfe da ƙarfe, ya matso, ya tsaya, ya manta da duniya. Shanu suka bi gonar waken wani mutum suka yi mata kaca-kaca. Abin da ya faru a gida da yammacin nan ba sai an faɗa ba. Bayan kwana uku aka wayi gari babu Hamidu. Ya bi motar.

A wurin Baffa wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne. Taɓa ƙarfe aikin maƙera ne, ɗan mai shanu ba ya zama bakin wuta yana bugun ƙarfe. Shekara biyu bai ambaci sunanshi ba. In Inna ta samu labari wurin direbobi cewa yana nan lafiya a wani gareji a Funtuwa, sai ta faɗa da ƙarfi kamar da mu take, don dai ya ji.

Shekara bakwai ya yi can. Cikin shekarun nan ne aka yi farin da ya cinye shanun mutane. Garken Baffa da in ya taso sai ka ji ƙasa na rawa, ya koma abin da yaro ɗaya zai kora da hannu guda. Yayanmu, Hamma Daudu, shi kaɗai ya rage a kan shanu, ga noma, ga Baffa ƙarfi ya fara ja baya. Ana cikin haka, shekara biyu bayan farin, ƙarshen kaka, sai ga Hamidu ya sauko daga mota da 'yar jaka da baƙin tabarau rataye a wuya, hannayenshi duk tabon ƙuna. Ya gaida kowa, ya kwana biyu, ran na uku ya durƙusa gaban Baffa ya faɗi abin da ya kawo shi. Yana so ya kafa rumfar walda a Batsari, kuma yana roƙon a sayar mashi da Daneri ya sayi inji.

Daneri bijimi ne fari tas, jikan karsanar da aka ba Hamidu ranar sunanshi. A al'adarmu duk abin da wannan karsana ta haifa na yaron ne, amma igiyar na hannun uba, ba a sayarwa sai da bakinshi. Duk zuriyar karsanar nan fari ya kwashe, Daneri kaɗai ya tsira. Shi ke nan abin da Hamidu ya mallaka a duniya.

Baffa bai amsa ba sai bayan kwana huɗu. Ya ce ya ji. Ya ce ranar kasuwar Batsari mai zuwa zai ja Daneri da kanshi zuwa kara, inda ake cinikin shanu, zai kuma ga injin da idonshi. Shi bai taɓa sayen saniya bai ga an tatse ta ba, bai taɓa sayen sa na noma bai ga an ɗaura mashi garma ba, don haka inji ma sai an gwada shi gabanshi. In ya gamsu, a sallama bijimi. In bai gamsu ba, Daneri ya koma garke, Hamidu ya ɗauki sanda ya bi Hamma Daudu, don shanu za su tashi neman ruwa kudu kwana biyu bayan kasuwar. Kuma daga ranar ba a sake yi mashi zancen ƙarfe a gida.

Inji biyu ne ake sayarwa a Batsari a lokacin.

Na farko na Jafaru ne, wani mai aiki da 'yan kwangilar da suka yi kwalbatocin hanya. Aikinsu ya ƙare, zai koma Kaduna, ba ya son jan kaya. Injin lantarki ne mai ƙafafun taya biyu, mai shan fetur, an shafe shi da jan fenti. In aka tada shi har tasha ana jin rurinshi. Da shi ake ƙofofin ƙarfe da tagogi irin waɗanda ma'aikata suka fara sa ma gidajensu tun da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo.

Na biyu na Sahabi ne, tsohon mai gyaran keke da idanunshi suka fara mutuwa. Shi ba ma za ka kira shi inji ba. Wata tukunyar ƙarfe ce mai tsatsa da ake zuba ma kabaid da ruwa ta ba da gas, sai dogon tulun iska guda, sai robobi biyu, ja da baƙi, da aka ɗaɗɗaure da tsumma wuri uku. Ba ya ruri, ba ya komai. Ɗan huci kawai yake yi, ga warin kabaid kamar ruɓaɓɓiyar tafarnuwa.

Hamidu ya iya aiki da duka biyun, kuma gaskiya zuciyarshi na Jafaru ta fara so. Wane saurayi ne ba ya son a ji ƙarar injinshi daga nesa? Amma kafin ranar kasuwa sai ya yi wani abu da mutane suka ɗauka zaman banza ne. Ya ari keke ya yi ta yawo, Yasore, Tsaskiya, unguwannin Batsari, yana leƙa bayan gidaje da rumfunan masu gyara yana duba abin da ya karye aka jingine. Abin da ya gani duk ƙarfe ne marar kauri. Kekunan da suka tsage a wuya, salansar babur, bokitai, fitilu. Ga kuma tulin kayan alminiyam, farin ƙarfen nan marar nauyi da tsofaffi ke ce ma goran-ruwa: tukwane, butoci, murfin injin babur da dutse ya fasa. Babura sun cika gari, duk wanda murfin injinshi ya fashe sai ya jingine shi ya jira mai zuwa Katsina. Injin Jafaru huda ƙarfe marar kauri yake yi, alminiyam kuwa ko kusa ba ya taɓa shi. Ƙofofin ƙarfe fa, gida nawa ne a Batsari za su sa? In ya yi ma waɗannan ya gama, sai ya zauna yana kallon inji na jiran fetur, fetur ɗin da wani lokaci sai a yi sati babu shi a garin.

Na Sahabi ma ba lafiyayye ba ne, Hamidu ya sani. Iskar tulun in ta ƙare sai an aika Kano ta hannun direbobi, kuma a kan ƙarfe mai kauri yana da nawa. Kwana uku yana juya abin a ranshi, abinci ma kaɗan yake taɓawa. Abin da ya fi damunshi shi ne ya san Baffa. Mutumin da ya yi rayuwarshi yana zaɓen dabba da girman tozo da faɗin ƙirji, in aka ajiye mashi waɗannan biyun, an san wanda zai nuna.

Ranar kasuwa tun hantsi aka ɗaure Daneri a kara, dillali na zagaya shi yana lasar baki. Baffa ya ce kada a taya tukuna. Ya wuce rumfar Sahabi da ke bayan tasha, garmarshi da ta karye wuri biyu ɗauke a kafaɗar Hamma Daudu. Jafaru ya riga ya jawo injinshi ya girke gaban rumfar, ya goge shi yana ta ƙyalli. Kafin a gama gaisawa mutane sun taru, don labari ya bazu cewa yau Bafillace zai sayi wuta. Mu ma da ke layin masu nono muka rufe ƙorai muka matso.

Sahabi sa'an Baffa ne, sun san juna tun suna samari, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya ɗago kai yana ƙifta idanu ya ce, "Agwai, yau kuma ƙarfe za a tatsa?"

Baffa ya ce, "Kaɗo, ina injin naka? Ko wannan tukunyar talgen ce?"

Aka yi dariya. Hamidu bai yi ba.

Aka fara da na Jafaru. Hamidu ya gargaɗi mutane kada su kalli wutar, ya ja igiya, inji ya ɗauka da wani irin ruri har awakin da ke kusa suka tsinke. Ya rufe fuska ya ɗora sandar walda a kan karayar farko ta garmar. Shuɗin haske ya yi ta walƙiya, tartsatsi na zuba. Kafin mutum ya gama gaida surukinshi an gama. Sai ya koma na Sahabi ya kama karaya ta biyu. Ya kunna 'yar wuta, ya yi ta gasa ƙarfen, ya yi ta gasawa, sai da aka ɗauki lokacin da za a tatse saniya uku. Baffa ya ɗaga garmar ya maka ta a kan dutse sau biyu. Duka wuraren sun riƙe.

Jafaru ya matso yana murmushi ya ce ma Baffa ai ya gani da idonshi, ba sai an yi dogon zance ba. Bijimi kamar Daneri, in za a ba da shi, a ba da shi a kan abin da ke da jiki. Baffa ya zagaya jan injin, ya dafa shi, ya ɗan tura shi ya ji nauyinshi. Ya gyaɗa kai. Ya juya ya ce ma Hamma Daudu ya je ya ce ma dillali a fara taya bijimin, wannan za a saya.

Nan fa Hamidu ya shiga tsaka mai wuya. Abin da ya zo nema ga shi an ba shi. In ya yi shiru, yau zai kwana Batsari da inji, ba zai bi shanu ba. Amma ya san bayan damina ɗaya zai zauna ba aiki, ba bijimi, kuma ranar ba shi da bakin da zai kalli Baffa. In kuma ya yi magana, gaban wannan taron zai ce ma ubanshi zaɓinka bai yi ba.

Hamma Daudu har ya yi taku uku. Hamidu ya durƙusa, kanshi ƙasa, ya ce, "Baffa, a yi mani haƙuri. Ƙaramin nake so."

Baffa bai kalle shi ba, ya tambayi dalili. Hamidu ya faɗi abin da ya gani a yawonshi, ya ƙare da cewa babban ba ya kama alminiyam, shi kuwa rabin abin da ya karye a ƙasar nan alminiyam ne. Baffa ya tambayi Jafaru ko haka ne. Jafaru ya ɗan sosa ƙeya ya ce haka ne, amma wa ke ɓata lokaci a kan tukwanen mata? Kuma ko a Kaduna masu iya kama wannan ƙarfen da gas ba su da yawa, don yana da mugun hali.

Sai Baffa ya sa hannu ya kwance butar da ke rataye a kafaɗarshi.

Duk wanda ya san Baffa ya san butar nan. Ubanshi ne ya zo da ita daga Makka, lokacin da ake zuwa a ƙasa, ya yi shekara shida kafin ya dawo. Ta alminiyam ce, ta sha hannu har ta yi santsi. Tun kafin fari wata saniya ta taka ta, gindin bakinta ya tsage kusan rabi. Baffa ya kai ta wurin maƙera uku, kowa ya ce ba ya iyawa. Tun daga nan da kakin zuma yake liƙe ta, in rana ta yi zafi ta riƙa ɗiga, ya sake liƙewa. Ko Inna ba ta taɓa ta sai in shi ya miƙa mata.

Ya miƙa ma Jafaru. Jafaru ya ja da baya ya ce, "Baba, wannan in na ɗora mata wutata, rami za ka ɗauka."

Sai ya ajiye ta gaban Hamidu. Ya ce in ta kamu, a sayi tukunyar Sahabi. In ba ta kamu ba, ba babba ba ƙarami, don ya tabbata ke nan shekara bakwai ɗin yawo aka yi.

Hamidu ya ɗauki butar ya juya ta. Jikinta bai fi kaurin ganyen rogo biyu ba. Ya taɓa kama murfin inji ba adadi, ya taɓa kama tukwane, amma abu marar kauri haka sau biyu ya taɓa gwadawa a Funtuwa, kuma ɗaya ya narke a hannunshi. Bai faɗa ma kowa wannan ba sai daga baya.

Ya nemi ruwan zafi wurin mai shayi ya wanke kakin tas. Ya goge tsagar da buroshin waya har ta yi fari. Sahabi ya lalubo wani tsohon murfin tukunya, Hamidu ya yanko siririn tsinke daga gefenshi, wanda zai narkar ya cike tsagar da shi. Sannan tsohon ya ciro wani ɗan gwangwani daga ƙarƙashin benci, hodar kama alminiyam ce a ciki, wadda ya ce ta shekara huɗu ba a buɗe ba. Hamidu ya murza ta a yatsa, ya ji ba ta jiƙe ba, ya kwaɓa kaɗan ya shafa.

Sai ya yi abin da ya ba kowa mamaki. Ya kunna gas ɗin shi kaɗai ba iska, wuta ta fito ja mai hayaƙi, ya bi gefen tsagar da ita har wurin ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Mutane suka fara gunaguni. Wani ya ce yaro ya fara da ƙona ta. Fuskar Baffa ba ta motsa ba, amma ya matse sandarshi har jijiyoyin hannunshi suka tashi.

Dalilin baƙin nan shi ne alminiyam ba ya ja. Baƙin ƙarfe in ya sha wuta yana gaya maka, ya yi ja, ya yi fari, ka san inda kake. Shi wannan yadda yake da sanyi haka yake da zafi, sai dai ka ga ya zube. Maigidan Hamidu na Funtuwa ya koya mashi cewa in kunkunniyar ta ƙone ta ɓace, to zafi ya kusa kai, daga nan sai lura da hannu. Amma wannan duk taron babu wanda ya sani sai Sahabi, shi kuwa ba ya ganin abin da ake yi.

Hamidu ya buɗe iska, wutar ta koma 'yar shuɗiya. Ya riƙe ta nesa-nesa yana zagaya bakin butar a hankali. Shiru, shiru, ba abin da ya canza. Wani maƙeri daga Yasore da ke tsaye gaba ya ce yaron nan tsoron wuta yake ji, a haka sai la'asar ƙarfen bai nuna ba. Wasu suka ce gaskiya ne. Shi ma Baffa ba baƙon wuta ba ne. Duk rayuwarshi in saniya ta yi ciwo shi ke sa ƙarfen lalas a garwashi, kuma ya san ba a ɗauko shi sai ya yi ja wur. Abin da idonshi ya sani ke nan shekara sittin.

Ya ce, "Hamidu, matsa wutar. Bai yi ja ba."

Hamidu ya ji. A daidai lokacin kunkunniyar ta fara ɓacewa daga gefe ɗaya. Bai matsa ba, bai kuma amsa ba, don in ya ɗaga kai ko na ƙiftawa ɗaya ne zai iya rasa wurin.

Baffa ya sake faɗa, wannan karon da Fillanci, a hankali, irin muryar da in ya yi ta a gida ko kaji sai sun natsu. A gidanmu ba a jiran kira na biyu. Hamma Daudu ya sunkuyar da kai. Mutane suna kallon uban, suna kallon ɗan. Gumi na bin hancin Hamidu yana ɗiga a kan gwiwarshi. Daga baya ya ce a lokacin hannunshi har ya fara tafiya da kanshi zai bi umarnin, sai da ya danne gwiwar hannun a cinyarshi.

Maimakon ya matsa, sai ma ya ɗan ja wutar baya.

Baffa ya juya mashi baya.

Hodar ta narke ta zama kamar ruwa. Hamidu ya taɓa gefen tsagar da bakin tsinken, ya ji da tauri. Ya sake zagayawa ya taɓa. A karo na uku sai fatar ƙarfen ta ɗan yamutse, kamar yanar da ke tasowa a kan madara in an dafa ta. Ya sa tsinken, ya narke ya kwanta cikin tsagar. Ya ɗaga wuta, ya matsa gaba kaɗan, ya sake. Ɗigo, ɗagawa, ɗigo, ɗagawa. Ya kusa ƙarshe sai gefe ɗaya ya lotsa ciki, ya fara zama kamar zai ɓulle. Ya fizge wutar gaba ɗaya, ya tsaya bai ko numfasa ba. Wurin da ya lotsa ya tsaya, bai ɓulle ba. Ya jira, ya dawo ta ɗaya gefen ya rufe sauran, ya kashe wuta.

Baffa ya juyo ya kai hannu zai ɗauka, don a ido butar kamar ba ta ga wuta ba. Hamidu ya tare shi da hannu ya ce, "Baffa, da zafi." Sau uku ke nan ya tare ubanshi a rana ɗaya.

Sahabi ya so ya sassauta wurin ya ce ai ƙarfen nan ɗan'uwanku ne, Agwai, ko yana ci da wuta ba ya nunawa a fuska. Mutum biyu suka yi dariya suka ga Baffa bai yi ba, suka haɗiye.

Aka tsaya jiran buta ta huce, don in aka tsoma ta a ruwa da zafinta tana iya sake tsagewa. Wannan jiran ya fi aikin tsawo. Jafaru ya koma ya zauna kan tayar injinshi. Da ta huce Hamidu ya wanke hodar, ya cika ta da ruwa ya miƙa da hannu biyu. Kamun bai yi kyau a ido ba, ya yi tudu-tudu, ga lotsawar nan a gefe. Baffa ya karɓa ya matsa inda yashi yake a bushe, ya karkata ta yadda ruwan zai kwanta a kan tsagar, ya riƙe.

Ɗigo ɗaya ya faɗo.

Wata mata a bayanmu ta yi salati. Hamidu ya runtse ido. Baffa ya duba yashin, ya duba butar, sai ya kama bakin rawaninshi ya goge jikinta tas, sama da ƙasa, don ruwan wanki bai gama bushewa ba. Ya sake karkata ta. Ya riƙe har hannunshi ya gaji, ya canza hannu. Ya toshe bakin da babban yatsa ya girgiza ta. Yashi na nan a bushe.

Bai ce madalla ba. Ya juya wurin Sahabi ya tambaye shi, da yaron ya matsa wutar da aka ce ya matsa, me zai faru? Sahabi ya ce ba shi zai faɗa ba, a nuna mashi. Ya tura ma Hamidu ragowar murfin tukunyar da ƙafa. Hamidu ya kunna wuta ya matsa ta a kai yadda maƙerin ya so. Murfin na nan fari, fari, bai yi ja ba ko kaɗan, sai kawai tsakiyarshi ta faɗa ƙasa ta bar rami da hannun yaro zai shiga. Maƙerin Yasore ya durƙusa ya leƙa ramin ya ce shi dai bai taɓa ganin ƙarfe marar kunya irin wannan ba.

Baffa ya daɗe yana kallon murfin. Sannan ya rataya butarshi ya kama hanyar kara, bai ce ma kowa ya biyo shi ba. Hamidu ya tashi ya bi shi a baya. Buta ta kamu, amma ya ƙi jin maganar uba gaban kasuwa guda, kuma ya san Baffa na iya yafe asarar bijimi bai yafe wannan ba. Har suka isa bai san ko gida za a ja Daneri ba.

Baffa ya kwance igiyar daga turke. Ya shafa wuyan bijimin, ya sosa mashi gindin ƙaho, ya yi mashi magana a kunne wadda ba wanda ya ji. Dillali ya miƙo hannu, Baffa ya wuce shi kamar bai gan shi ba. Ya naɗe igiyar ya ɗora a tafin Hamidu.

Ya ce, "Naka ne, kai za ka sallama. Ka buɗe ido da dillalin nan, ya fi wutarka ci."

Kafin la'asar an kora Daneri cikin shanun da za a loda zuwa kudu. Hamidu ya tsaya har motar ta tashi, ya goge ido da hannun riga, ya koma bayan tasha. Sahabi ya bar mashi rumfar ma gaba ɗaya, da sharaɗin a bar mashi bencinshi ya riƙa zama yana jin warin kabaid.

Kwana biyu bayan kasuwar shanu suka tashi kudu, Hamma Daudu da wani ɗan ƙanen Baffa suka kora su. Hamidu na Batsari. Washegari da safe kafin ya buɗe rumfa ya tarar da babura biyu a jingine, da keke mai karyayyen wuya, da matan Yasore su biyar zaune a kan tukwanensu suna gardamar wadda ta riga zuwa.